Tunda Allah ya riga ya raba gado, meye kuma amfanin rubuta wasiyya?

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka har sau biyu. Kace shekararka 44, matarka ɗaya, yara huɗu maza biyu mata biyu, mahaifiyarka tana raye Allah ya ƙara mata lafiya, kana da gidan da kuke ciki da fili guda ɗaya da kasuwancin da kuke yi kai da ƙaninka, sannan akwai ɗan yayanka maraya da kake riƙo tun yana rarrafe. Abokinka ya rasu bara har yau iyalinsa basu iya taɓa kuɗinsa na banki ba, shine hankalinka ya tashi kake tambaya ta ina ake fara shiri, kuma wai tunda Allah ya riga ya raba gado meye amfanin rubuta wasiyya.

Toh ni aikin lauya nake yi, kuma mafi yawan fayil ɗin da ya bi ta teburina na gado ne. Bari in fara da abinda shekarun nan suka koya min: da wuya kaga iyali sun kai juna kotu akan lissafin rabo. Lissafin sananne ne, malami ɗaya da biro da takarda zai gama shi kafin a kira la'asar. Abinda ke cin shekaru shine tambayar da ke gaban rabon, wato me za'a raba? Wannan filin nasa ne ko ajiya aka bashi? Motar nan tasa ce ko ta kamfani? Kuɗin da matarsa ta zuba a ginin gidan rance ne ko kyauta? Waye ke binsa bashi, waye yake bi? Mutum ɗaya ne a duniya ya san amsar waɗannan duka, kuma shine aka rufe jiya. Dan haka duk shirin da zakayi, tushensa shine ka fitar da abinda ke cikin kanka ka sauke shi a takarda tun kana iya magana.

Bari in nuna maka yadda rabon naka yake da sauƙi dan ka cire shi a ranka. A ce yau ta Allah ta kasance, an gama biyan komai, abinda ya rage a kasa shi kashi 144. Matarka tana da tumuni, ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya, kashi 18 kenan. Mahaifiyarka sudusi, ɗaya bisa shida, kashi 24. Saura 102 na yara ne, namiji rabon mace biyu, kowane ɗa 34 kowace 'ya 17. Shikenan an gama. Wannan yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12, sai ta 176 da ta yi maganar kalala, wato wanda ya mutu bai bar ɗa ko mahaifi ba. Amma duba da kyau, ƙaninka baya ciki, ɗan yayanka ma baya ciki, sisi bazasu samu ba saboda 'ya'yanka maza sun tare su. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Kuma ka lura nace "an gama biyan komai". Ba'a fara rabon gado sai an bi matakai uku a jere, na farko hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan magada. Ayoyin gadon da kansu suna ta maimaita cewa rabon yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Kaga kenan wasiyya ba kishiyar rabon Allah bace, a cikinsa take. Akwai hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim da ke nuna bai dace musulmin da yake da abinda zai yi wasiyya dashi ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wajensa ba. Masu cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne, ni dai na rubuta ma mutane da yawa da har yanzu muke gaisawa, wasu ma sun dawo sau uku muna gyara.

Abu na farko da zakayi baya buƙatar lauya, baya buƙatar ko kwabo. Samu littafi sabo ka zauna kai kaɗai ka rubuta duk abinda ka mallaka. Gida, fili, mota, asusun banki kowanne da sunan bankin da lambarsa, hannun jari, fansho, inshora in kana da ita, kayan da ke shago, dabbobi in akwai da wanda suke hannunsa. Gefen kowanne ka rubuta ina takardarsa take, kuma sunan wa ke jikin takardar. Wannan na ƙarshen shine wurin da mutane ke firgita, sai mutum ya buɗe jaka ya tarar filin da ya saya shekara goma har yanzu sunan wanda ya sayar masa ne a kai, yana ta cewa zai canja zai canja. Idan kai da ranka canjin suna yana baka wahala, ka yi tunanin matarka tana cikin takaba tana neman mutumin da bata taɓa gani ba ya zo ya sa hannu, wataƙila shima ya rasu sai dai 'ya'yansa, su kuma su ce basu san zancen ba.

Sai shafi na biyu, wanda a ganina yafi na farkon muhimmanci, abinda ke hannunka amma ba naka bane. Ajiyar mutane, kuɗin ƙungiya da ya biyo ta asusunka, gwal ɗin matarka da ke cikin akwatinka, filin da ɗan'uwanka da ke wata ƙasa ya turo kuɗi ka saya masa da sunanka, gadon ɗan yayan nan naka in mahaifinsa ya bar wani abu kuma kai ke juya shi. Na taɓa zama da wani iyali, dattijon mutum ne mai amana kowa na kawo masa ajiya, da ya rasu aka buɗe durowarsa aka samu ambulan goma sha ɗaya cike da kuɗi, huɗu kaɗai ke da suna a baya, sauran bakwai ba komai sai wata alama da shi kaɗai ya san ma'anarta. Kafin sati biyu mutum goma sha tara sun zo kowa yace yana da ajiya. Babban ɗansa ya zauna a ofis ɗina yana jujjuya ambulan ɗaya a hannu, idonsa ya kaɗa, yana tsoron ya hana mai haƙƙi yana kuma tsoron ya ba maƙaryaci dukiyar ƙannensa marayu. Minti biyar na rubutu da mahaifinsu zai yi da ya raba shi da wannan.

Shafi na uku bashi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba abin kunya bane, ɓoye shi ne matsalar. Rubuta wanda ke binka, nawa, tun yaushe, akwai shaida ko babu. Rubuta wanda kake bi shima haka, in kuma ka yafe wa wani ka rubuta ka yafe dan kar yaranka su je su tayar masa da hankali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai muce ai mun yarda da juna. Kar ka manta da basukan da ba'a ɗauka bashi, sauran sadakin matarka in baka cika ba, kuɗinta da ka ara lokacin da kasuwa ta tsaya kace zaka mayar, albashin yaran shago, haraji, zakkar da ta wajaba baka fitar ba. Na matar nan ina jaddada shi saboda yawanci kunya ke hana ta magana a gaban dangin miji, in ta yi magana ace tana son abin duniya mijinta ko arba'in bai yi ba, in tayi shiru haƙƙinta ya narke cikin gado a bata tumuni daga kuɗin da tun asali nata ne.

Yanzu maganar ƙaninka, kuma anan zan ɗan daɗe dan nan ne nake jin tsoro a labarinka. Kace "kasuwancin da muke yi tare". Tare kaman yaya? Jari rabi da rabi kuka zuba? Ko jarinka ne shi yana aiki ana bashi kaso a riba? Ko yaronka ne na shago da ya girma har ya zama kaman abokin tarayya ba tare da an taɓa faɗa da baki ba? Na tabbata in na kira ku ɗaki daban daban na tambaye ku, amsa biyu zan samu, kuma ba wai ɗayanku maƙaryaci bane, kowa yadda ya fahimta kenan. Yau wannan bambancin baya cutar da kowa saboda kana nan. Ranar da baka nan shi zai ce shekara goma sha biyar yana wahala a kasuwar nan rabi nasa ne, yaranka su ce baffa zai cinye musu gado, mahaifiyarku tana tsakiya tsakanin ɗanta da jikokinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, daga nan 'yan zuga zasu shigo ta kowane ɓangare.

Maganinsa zama ɗaya ne mai ɗan nauyi. Ku zauna da shi da shaidu biyu ku rubuta kason kowa, yadda ake raba riba, da abinda zai faru in ɗaya ya rasu: za'a ƙiyasta kason mamacin a biya magadansa a hankali cikin wata kaza, ko zasu cigaba da zama masu kaso ana basu riba, kuma waye zai yi ƙiyasin. In kamfani ne mai rajista a tabbatar kason kowa a takardun rajistar ya dace da gaskiyar magana. Sannan ku raba asusun kasuwanci da na aljihunka, kuma ya zama ba kai kaɗai ke iya sa hannu a na kasuwancin ba, in ba haka ba ranar da banki ya samu labarin rasuwa komai zai tsaya cak, ba biyan masu kawo kaya ba albashi. Zai iya jin wani iri da farko kaman baka yarda dashi ba. Ka faɗa masa gaskiya, takardar nan shi take karewa fiye da kowa, tunda ba magajinka bane, in babu ita bashi da abin nunawa.

Toh sai wasiyya ita kanta. Ƙa'ida biyu ce babba. Ta farko bata wuce sulusi, ɗaya bisa uku na abinda ya rage bayan bashi. Asalinta Sa'ad bin Abi Waƙƙas ne da yayi rashin lafiya mai tsanani a Makka, a lokacin 'ya ɗaya gareshi, ya nemi ya bada kashi biyu bisa uku Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi ya hana, sai aka tsaya a sulusi tare da nuna masa sulusin ma da yawa ne, kuma barin magada cikin wadata yafi barinsu suna roƙon mutane. Ta biyu, ba'a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magadan sun amince. Wato bazaka rubuta cewa gidan nan na matarka ne ko na ɗanka wane ba ka ɗauka ka gama magana. Sulusin nan an bar maka shine dan irin ɗan yayanka, wanda ya tashi a gidanka yana kiranka baba amma ranar rabo zai tsaya a gefe yana kallo. Irinsa jika ne da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa alhali akwai baffanninsa a raye, shima an tare shi, har ƙasar Masar ta yi doka a 1946 ta mayar da wasiyya ga irin wannan jikan wajibi. Haka dangin da addini ya bambanta ku, ko tsohon ma'aikacinka, ko makaranta ko rijiya da kake so ladanta ya bi ka. Shawarata ga yaron nan, ka rubuta masa kaso, misali ɗaya bisa goma, maimakon adadin kuɗi, saboda adadin da yake da kauri yau bayan shekara ashirin bazai yi masa komai ba.

In kuma kana so ka ba wani abu tun yanzu, wannan kyauta ce, hukuncinta daban. Anan mutane ke yawan faɗawa rami. Mutum ya tara mutane yace na ba wance gidan nan, kowa ya ji, amma bai fita ba bai bata makulli ba bai canja takarda ba har ya mutu. A Malikiyya kyautar da ba'a karɓe ta ba kafin mai kyautar ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado. Uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abinda ya bashi, amma banda gidan da shi uban yake zaune a ciki. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, bata wuce sulusi kuma bata zuwa ga magaji. Dan haka in zaka yi, kayi da lafiyarka, ka miƙa da gaske, a rubuta, a canja suna. Kuma kayi adalci tsakanin yara, ka tuna Nu'uman bin Bashir da mahaifinsa ya bashi kyauta shi kaɗai ya je neman Annabi (SAW) ya shaida, aka tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya ba irinta, da yace a'a aka ƙi shaidar. Ni kuma in ƙara da nawa na lauya, kar ka rabar da komai ka koma kana zaune a gidan da ba naka ba, na ga tsofaffin da suka yi nadamar wannan.

Ɓangaren da wasiyya tafi amfani a wajen mai ƙananan yara irinka shine naɗa wasiyyi, wato wanda zai tsaya ya biya bashi ya zartar da wasiyya ya kula da rabon yara har su mallaki hankalinsu. Mutane sukan zaɓi babban wa ko wanda yafi kowa kuɗi a dangi dan kar a ji haushi. Kar ka zaɓa dan kunya. Nemi mai amana wanda kuma ya iya riƙe lissafi da rasit, dan akwai mutumin kirki da bazai ci sisin maraya ba amma sakaci zai sa dukiyar ta lalace a hannunsa. Ya zama mai sauran ƙarfi, ba wanda ya girme ka da shekara ashirin ba. Ka tambaye shi tukuna ya amince, kuma ka sa na biyu ko da na farkon ya riga ka tafiya. Ba dole wanda zai riƙe yaran ya zama shine mai riƙe kuɗinsu ba, sau da yawa raba biyun yafi zaman lafiya. Ƙaninka fa? Zai iya, amma ka gane yana da nasa kason a kasuwancin, bai kamata ace shine mai sayen kasonka kuma shine mai yanke farashi a madadin marayu ba, sai ka haɗa shi da wani. Aya ta 6 a Nisa'i ta bada tsarin, a jarraba marayu har su balaga, in an ga shiriya a tare dasu a miƙa musu dukiyarsu kuma a kafa shaidu.

Duk wannan da na faɗa ɓangaren addini ne. Amma banki da ofishin filaye basa aiki da niyyarka, da dokar ƙasar da kake suke aiki, kuma dokokin sun bambanta sosai. A Ingila dokar wasiyya ta 1837 ce har yanzu ke aiki: a rubuce, ka sa hannu gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. In ɗaya daga cikin shaidun ko matarsa yana cikin waɗanda ka yiwa wasiyya, wasiyyar tana nan amma shi rabonsa ya faɗi. Kuma a can in kayi aure bayan ka rubuta wasiyya, auren yana rushe ta sai in an rubuta ta ne da nufin wannan auren. A Faransa zaka iya rubuta wasiyya da hannunka ba shaida ko ɗaya matuƙar ka sa kwanan wata da sa hannu, amma doka ta keɓe wa 'ya'ya kasonsu da baka isa ka taɓa ba, rabi in ɗa ɗaya ne, biyu bisa uku in biyu ne, uku bisa huɗu in uku ne ko fiye. A Amurka kowace jiha da tata dokar. Abinda nake so ka ɗauka anan, musulmin da ke zaune inda kotu bata raba gado da shari'ar Musulunci, in ya mutu ba wasiyya dokar wurin ce zata raba masa, wasiyyar ce kaɗai hanyarsa ta cewa a raba yadda addininsa ya tsara. Kuma gida ko fili galibi dokar ƙasar da yake cikinta ce ke hukunci a kansa, dan haka mai kadara a ƙasa biyu ya nemi lauya a kowacce. Wanda ba musulmi ba da ke karanta wannan, cire maganar sulusi da tumuni, sauran duk ya shafe ka.

Game da kuɗin abokinka da suka maƙale, abinda ya faru ba mugunta bace ta banki. Da zarar sun san mai asusu ya rasu sai su rufe, bazasu saki ba sai an kawo takardar shaidar mutuwa da takardar kotu da ta nuna wane ne ke da izinin kula da dukiyar mamacin. In akwai wasiyya da ta ambaci wasiyyi, kotu tabbatar dashi kawai zata yi. In babu, sai dangi sun daidaita akan wa zai nema, kuma anan ake shafe watanni ana jan zare. Sannan gurbin nan da ake cikewa a fom na makusancin da za'a tuntuɓa, wanda ake ce ma nes of kin, mutane da yawa sun ɗauka duk wanda suka rubuta shine zai kwashe kuɗin. A'a, a mafi yawan lokuta wanda za'a kira ne kawai, bai zama magaji da wannan ba. Wanda ya bambanta shine fom ɗin inshorar rai ko na fansho inda ake rubuta wanda za'a biya kai tsaye, wannan a ƙasashe da yawa baya bi ta wasiyya sam, sunan da ke fom ɗin shi za'a ba. Je ka duba naka, na sha ganin wanda ya cike tun yana saurayi ya sa sunan mahaifinsa da ya rasu tuntuni, ko matar da suka rabu. Kuma ka tanadi wani ɗan abu da sunan matarka ita kanta, mallakinta, wanda zai riƙe gidan wata shida ko fiye kafin takardun kotu su fito, dan cefane da kuɗin makaranta basa jiran alƙali.

Wani abu da kusan kowa ke tsallakewa, ba mutuwa kaɗai ke ɗauke mutum daga harkokinsa ba. Shanyewar ɓarin jiki, haɗari, ko ruɗewar tsufa, mutum yana raye amma bazai iya sa hannu ba, wasiyya bata fara aiki ba tunda bai mutu ba, iyali suna kallon kuɗin maganinsa a banki basu iya cirewa. Maganin wannan takardar wakilci ce, amma ka tabbatar lauya ya rubuta irin wadda ke cigaba da aiki ko hankalinka ya gushe, dan ta yau da kullum a wurare da yawa tana faɗuwa a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Kuma kowace iri ce tana mutuwa ranar da ka mutu, wanda ya cigaba da cire kuɗi da ita ko da katin mamaci bayan rasuwa yana jawo wa kansa magana ne ko da niyyarsa mai kyau ce.

Sai waya. Yanzu rabin rayuwar mutum tana cikinta, manhajar banki, lissafin masu bashi a WhatsApp, hotunan takardu, imel, wasu har kirifto, wato kuɗin intanet. Shi kirifto in kalmomin sirrin nan 12 ko 24 suka tafi da kai toh ya tafi, ba kotun da zata iya dawo dashi. Google yana da tsarin da zaka zaɓi wanda za'a ba bayananka in asusunka ya daɗe ba motsi, Facebook da Apple suma suna da wurin sa wanda zai kula da asusu bayan rasuwa, minti goma ne. Fasuwod kuma kar ka sa su cikin wasiyya, dan a wasu ƙasashen in ta shiga kotu kowa na iya karanta ta, rubuta su daban ka rufe a ambulan.

Inda zaka ajiye takardun shima magana ce. Mawaƙiyar nan ta Amurka Aretha Franklin ta rasu a 2018 aka ɗauka bata bar wasiyya ba, daga baya aka samu ɗaya ta 2010 a kulle cikin kabad, aka kuma samu wata ta 2014 a littafin rubutu ƙarƙashin kushin ɗin kujera, 'ya'yanta suka yi ta shari'a sai a 2023 kotu ta tsayar da ta cikin kujerar. Mawaƙin Amurka Prince kuwa da ya rasu a 2016 bai bar komai a rubuce ba, sai 2022 aka kammala maganar dukiyarsa, kafin nan wasu cikin magadan sun rasu. Wannan na ƙarshen yana faruwa a gidajen talakawa ma, a bar gado ba'a raba ba dan wai kar a watsa gida, magaji ya mutu nasa magadan su shigo, gidan mutum shida ya koma na mutum arba'in. Ka rubuta a wasiyyarka cewa kana so a raba da wuri, ko da za'a cigaba da zama tare kowa ya san kasonsa. Asalin takardar ta zauna wuri ɗaya amintacce, wajen lauya ko ma'ajiyar kotu in ana yi a inda kake, wasiyyinka da matarka su san wurin. In ka sake sabuwa ka rubuta a cikinta cewa ta soke duk na baya, ka yaga tsohuwar. Ka riƙa dubata duk sanda aka yi haihuwa, aure, saki, rasuwa, ko ka sayi ko ka sayar da babbar kadara, littafin lissafin kuwa ko sau ɗaya a shekara, lokacin da kake lissafin zakka yafi sauƙi tunda dama ka baje komai a gabanka.

In zaka je wajen lauya ka tafi da littafin nan a cike da takardun gida da fili, zai rage maka zirga zirga da kuɗi, kuma ka nemi wanda ya san gadon Musulunci ko ka haɗa shi da malamin da ya san fara'id, wato ilimin rabon gado, su duba tare. Amma zaman farko da ƙaninka zaka yi shi, cikin satin nan in da hali, kafin ka je wajen kowa. In kun zauna ka dawo ka faɗa min yadda kasuwancin yake a tsakaninku, jarin waye kuma akwai rajista ko babu, sai in gaya maka irin takardar da ta dace ku rubuta.